Jirgin ruwan Koh Larn: yadda na kai Inna ta ga teku

Asibiti ne ya kai mu Bankok, babban birnin Tailan, ni da Inna, saboda ciwon gwiwarta. Daga Sakkwato muka sauka Abuja, muka bi ta Adis Ababa. Da likita ya sallame mu, saura kwana uku jirginmu ya tashi, sai ta ce mini: "Ɗan nan, ni dai ban taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin Rima da dam ɗin Goronyo ba." Shi ke nan na ɗaura niyyar Pattaya, wani gari da ke bakin teku.

Mota muka hau a tashar Ekkamai, babbar bas mai sanyi. Tafiyar wajen kilomita 150 ce, mun yi awa biyu da 'yan kai. A cikin garin Pattaya kuwa ƙananan akori-kura ne masu benci biyu a baya, ana ce musu songthaew, a lokacin baht 10 (kuɗin ƙasar) kowane mutum. In ka isa sai ka danna ƙararrawa a tsaya.

Abin da nake son yabawa shi ne babban jirgin fito da ke tashi daga mashigar Bali Hai zuwa tsibirin Koh Larn. Tun kafin ka kai bakin ruwa 'yan kamasho za su tare ka da hotunan ƙananan jirage masu gudu. Wani ya bi mu har yana jan hannun rigata, yana rantsuwa wai babban jirgi ya riga ya tafi. Ƙarya ce, yana nan yana lodi. Baht 30 muka biya kowannenmu, kuma na gode Allah da ban saurare shi ba, don na ga yadda ƙananan ke dukan igiyar ruwa suna tsalle. Gwiwar Inna ba za ta ɗauka ba.

Babban yana tafiya a natse, kamar minti 45. Akwai rigunan kariya, akwai inuwa, iska na shigowa ta ko'ina. Inna ta kama ƙarfen gefe tana ta tasbihi, ta ce ruwan kore ne kamar an jiƙa lalle. Abin da bai yi mini ba shi ne wurin shiga: siriri ne, yana motsi, mutane na turereniya. Sai da wani ma'aikacin jirgin ya tsayar da layi, muka riƙe ta mu biyu. Mai tafe da tsoho ya zauna a hawan ƙasa na jirgin, kada ya yi gigin hawa bene.

A gaɓar Tawaen da ke tsibirin muka yini. Zafinsu ba irin namu na bazara ba ne, mai gumi ne, sai ka riƙe ruwan sha. Abinci kuma ka nemi matan da ke sanye da hijabi ko alamar halal. Bayan mun dawo gari na samo mana khao mok gai, shinkafa mai kurkum da kaza, ta ci ta ƙoshi. Titin Walking Street yana dab da mashigar, da dare ba wurin zuwa da iyali ba ne, shi ya sa muka biyo jirgin la'asar.

Inna ta ɗebo ruwan tekun a gorar roba, tana nan a ɗakinta a Mabera, duk jikan da ya shigo sai ta ba shi ya ɗanɗana gishirin.