Kifi da dutse zalla, ko har da murjani? Ga mai shirin tankin lita 400

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: kana Kano, za ka kafa tankin ruwan teku mai lita 400 a falo, wannan ne karonka na farko, kuma ka rasa ko ka tsaya ga kifi da duwatsu ko ka haɗa da murjani mai rai tun daga farko. Shawarata ka fara da kifi da dutse, amma ka yi ginin yadda murjani zai iya shiga daga baya. Bari in jera maka su gefe da gefe.

Akwai abin da duka biyun suka yi tarayya a kai. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 55 shi ne kusan lita 400 ɗinka, kuma gilashinsa kada ya gaza milimita 10 zuwa 12. Ruwan kaɗai ya haura kilo 400. In ka ƙara gilashi, yashi, duwatsu da ƙaramin tankin tacewa na ƙasa, ka wuce rabin tan. Teburin katako na kasuwa ba zai ɗauka ba, sai teburin ƙarfe da aka yi wa fenti mai kyau saboda gishiri na cin ƙarfe, ko a gina dakali, a auna shi ya miƙe sarai. Gishirin ma ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman irin su Instant Ocean, wajen giram 35 a kowace lita, wato kilo 14 ko fiye a cikon farko. Sannan duka biyun sai sun yi mako 4 zuwa 6 babu kifi ko ɗaya, har bakteriya su zauna a cikin dutse su riƙa juya amoniya, gubar da ke fitowa daga dattin kifi, zuwa sinadarin naitirait, shi kuma zuwa naitiret mai sauƙin illa. Wanda ya tsallake wannan jiran, kifinsa na farko ne zai biya.

Daga nan hanya ta rabu. Kifi yana da haƙuri. Nauyin ruwa a ma'auni, wanda ke nuna yawan gishirinsa, zai iya zama ko'ina daga 1.021 zuwa 1.025 muddin bai riƙa tsalle ba, naitiret ya kai miligiram 20 ko 30 a kowace lita kifi na cin abincinsa, fitila kuwa don idonka ce kawai. Murjani dabba ce, duk da kamanninsa na tsiro, kuma a cikin namansa akwai wasu ƙananan gansakuka da ke sarrafa haske su ciyar da shi. Saboda haka fitilar ta zama abinci: mai ƙarfi, mai shuɗin haske, awa 8 zuwa 10 kullum. Yana son nauyin ruwa 1.025 zuwa 1.026, naitiret ƙasa da 10, kalsiyam tsakanin 400 da 450, maganiziyam wajen 1,300, ukun nan duk miligiram a kowace lita. Mai ƙashi daga cikinsa yana zuƙe waɗannan sinadarai yana gini da su, kai kuma kana gwadawa kana mayarwa kowane mako. Mai kifi zalla ya canza kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako biyu ya huta. Mai murjani ya zama ɗan ɗakin gwaji.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne zafi da wuta, domin su ne za su yanke maka hukuncin. Tankin teku yana son digiri 24 zuwa 26. Ka san yadda Kano take a watan Afrilu, rana na kaiwa 40, ɗaki ya kwana da ɗumi, ga famfunan cikin ruwa da fitila suna ƙara nasu. Kifi zai jure 28 na ɗan lokaci idan ruwa na motsi. Murjani kuwa in ya yi kwanaki a 30 sai ya kori gansakukan nan, ya yi fari fat, yunwa ta ƙarasa shi. Abin da ke faruwa ke nan a Babban Shingen Murjani na Ostireliya a shekarun zafi irin 2016 da 2017, kuma a falo ya fi saurin faruwa saboda ruwan kaɗan ne. Don haka tankin murjani a nan sai da injin sanyaya ruwa ko ɗakin da na'urar sanyi ba ta mutuwa, duka biyun kuma masu cinye batir ne. A tankin kifi sau da yawa fanka mai hura saman ruwa kan rage digiri 2 ko 3, kuma bushewar iskarmu kafin damina tana taimaka mata. Sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri. Kada ka manta gishiri ba ya tashi da tururi, cikon da za ka riƙa yi kullum da ruwan daɗi tatacce ne. Da hunturu kuma, a darare masu sanyi, hita za ka nema.

Ɗauke wuta ba haske yake fara kashewa ba, iska ce. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, in ya yi ɗumi kuma ya ƙara raguwa. Na taɓa tashi da asuba na tarar da kifi uku a ƙasa bayan dare guda famfo bai juya ba, har yau abin yana ci mini rai. Kafin ka sayi kifi ko ɗaya, ka ware wa famfon motsa ruwa layinsa a inbata ko sola, ka ajiye ɗan famfon iska mai batir a kusa. Wannan kaya ne marar nauyi. Fitilar murjani da injin sanyi a kan batir kuwa wani lissafi ne daban.

Ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo bai dace da ko wanne ba sai an tace shi da na'urar RO/DI mai cire ma'adanai da datti daga ruwa. Mai kifi in ya yi sakaci gansakuka ce za ta rufe masa gilashi, mai murjani kuwa asara zai yi.

Wajen zaɓen kifi, tankin kifi zalla ya fi sakin hannu, tunda akwai kyawawan kifaye masu tsinken murjani da ba sa shiga tankin murjani. Duk da haka, tunda kana da niyyar murjani gaba, ka zaɓi masu zaman lafiya da shi. Ka fara da kifin nan mai ruwan lemo da farar ɗamara, Amphiprion ocellaris, guda biyu, wanda aka haifa a tanki ba kamun teku ba, ya fi jure tafiya da canjin abinci. Shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya da kowa ke so yana buƙatar tanki mai tsawon santimita 180, naka ya yi masa gajarta. Kuma ka tanadi ƙaramin tanki na killace sabon kifi na wajen wata guda. Dalilin da ya sa na nace: maganin cutar fararen ɗigo galibi jan ƙarfe ne, wanda ke kashe murjani da jatan lande, ya kuma maƙale a dutse da yashi. In ka zuba shi sau ɗaya a babban tanki, ka rufe wa kanka ƙofar murjani da duwatsun nan.

Abin da za ka yi tun yanzu saboda gaba shi ne ka huda tankin, ka sa tankin tacewa a ƙasa da na'urar kumfa mai cire datti, ka jera dutse da ramuka da faffaɗan sama, fitila kuwa ka sayi mai sauƙi tukuna. Ka rubuta zafin ruwan safe da yamma daga Maris zuwa Mayu. In ka fita bazara bai haura 27 ba, sai ka canza fitila ka gwada murjani mai laushi guda biyu ko uku, irin mai kama da laimar kwaɗi, wanda ba ya neman haske mai yawa. Allah ya sa albarka, kuma ka turo mana adadin batir ɗinka da ƙarfin inbatarka mu duba lissafin tare.