Gidan estet kusa da filin golf, sai an karanta takarda

Mun bi wani dillali ganin gida a wani estet can wajen Achimota, gaskiya wurin ya yi, itatuwa ko'ina, iska mai sanyi, shiru kamar ba Accra ba, ga filin golf kore shar. Dillalin ma ba laifi, shi ya ce mu fara bincike a Lands Commission, wato hukumar filaye, kafin mu ba da ko sidi ɗaya. Amma da Alhaji ya karanta takardar gidan, haya ce ta shekara 99, kuma ba ka canja fenti, ba ka buɗe shago a ƙofa, ragon layya ma ba a ɗaurewa a tsakar gida! Ga kuɗin gadi da shara duk wata. Mu da muka taso a unguwar Nima, taron suna da na biki a ina za mu yi?