Sitiyarin Land Cruiser ɗina ya daina rawa, aikin wani fita (makanike) a Suame Magazine

Jama'a tun da na sa manyan tayoyi a motar nan sitiyari ke karkarwa a hannuna in na faɗa rami, musamman hanyar ƙauye bayan Techiman. Wani ɗan uwa a Aboabo ya kai ni wurin wani masta a Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, Bahaushe ne, na ce masa dampar sitiyari kawai nake so ya canza.

Ya ce Alhaji dakata, dampa ɓoye ciwo take yi ba ta warkarwa, sai ya ɗaga gaban motar ya girgiza taya, ashe kan tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya ci, bushin na roba ma sun mutu. Ya canza su, sannan ya ɗaura dampar, shakazoba ce dai a kwance, daga nan aka yi alaimen, wato saita tayoyi, don tayar gaba ta dama ta fara cinyewa ta ciki.

Wurin ba mazauni, rana da baƙin mai ko'ina, kuma sai da na wuni don yaronsa ya daɗe wajen neman kaya. Amma wallahi har Tamale na je na dawo mota ba ta ja gefe ba ko kaɗan.