GPS ko radar tauraron ɗan'adam: wanne ya fi auna motsin ƙasa?

Ranar 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasa ta ja yankin Oshika na bakin tekun Japan wajen gabas da mita 5.3, ta kuma nutsar da shi da mita 1.2. Tashar GPS da aka kafa a wurin ce ta faɗi haka, ɗaya daga cikin tashoshi kusan 1,300 da Japan ta shuka a faɗin ƙasarta. Ƙarfin GPS ke nan: eriya ce a kan ginshiƙi, dare da rana tana auna motsi gabas, arewa da sama, har na 'yan milimitoci a shekara. Sai dai inda aka kafa ta kaɗai take gani, kuma kafawar akwai tsada.

Radar, wadda ake kira InSAR, hoton yanki guda take ɗauka sau biyu ta kwatanta. Da ita tauraron Sentinel-1 na Turai ya zana tsagar da girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairun 2023 ta bari, mai tsawon ɗaruruwan kilomita, kuma hotunan kyauta ne. Matsalarta, sai an jira kwanaki tauraron ya dawo, kurmi da dusar ƙanƙara suna ɓata hoton, motsin kudu da arewa kuwa da ƙyar take kama shi.

A ganina, a busasshiyar ƙasa marar tashoshi radar ta fi. A bakin teku irin na Japan, inda ake tsoron tsunami cikin mintuna, GPS ce abin dogaro.