Hattara da masu sayar da rigunan mawaƙa na feshi da sunan na asali

Jama'a, a lura da wasu shafuka a Instagram da Facebook da ke tallar tishat masu tambarin ƙungiyoyin mawaƙa. Za su ce maka kayan asali ne da aka sayar a wurin wasa, wasu ma har su rantse cewa rigar tun ta shekarun 1980 ce. Alhali riga ce mai arha aka shimfiɗa, aka ɗora kwalin da aka yanke zane a jikinsa, aka fesa fentin gwangwani.

Wanda ya yi wa kansa irin wannan don sha'awa bai yi laifin komai ba. Cutar ita ce a karɓi kuɗin na asali a ba ka na feshi.

Kafin ka biya, ka buɗe hoton sosai ka duba haruffa irin su A da O da R. Mai yanka kwali dole ya bar 'yan siraran mahaɗai da za su riƙe tsakiyar harafin don kada ta faɗo, saboda haka za ka ga harafin a tsattsinke, da layukan da fenti bai taɓa ba. Gefen zanen kuma yakan yi dishi-dishi, da ɗige-ɗigen fenti a inda bai kamata ba. Bugun kamfani ba haka yake ba: ta raga ake matsa tawadar, gefenta ya fita tsaf, sannan a gasa ta da zafin da ya kai kusan digiri 160 a ma'aunin Celsius don ta kama zaren. Fentin gwangwani kuwa don ƙarfe da katako aka yi mafi yawansa. Yana sandarar da yadi, yana wari, kuma da an fara wanki sai ya tsattsage. Idan mai aikin ya yi ganganci bai sa kwali a cikin rigar ba, har bayanta fentin ke ɓullowa.

Masu cewa tsohuwa ce sun fi wayo. Sukan jiƙa rigar da bilic, su goge ta da samfefa har ta koɗe. Nemi hoton bakin hannu da na ƙasan rigar: yawancin tishat ɗin da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1990 layi ɗaya ne na ɗinki a wurin, na yanzu kuwa biyu.

Hoton tallar ma sau da yawa na sata ne. Ka ce ya ɗauki sabo, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a kan rigar, ya kuma juya cikinta waje. Idan ya fara kame-kame, ko ya matsa sai ka biya ta hanyar tura wa 'yan uwa da abokai a PayPal, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, ka janye. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye, kuɗin da ya tafi ta nan da wuya ya dawo.