Wane babur ya fi: Ténéré 700 ko Transalp 750 a hanyar Yamai zuwa Tawa?

A kan gudro, Honda Transalp ta fi daɗin zama. Tsawon sirdinta daga ƙasa milimita 850 ne, kuma ya fi faɗi, don haka kafin a kai Birnin Ƙonni ƙugu bai gaji ba. Sirdin Yamaha Ténéré siriri ne mai tauri, tsawonsa daga ƙasa milimita 875. Gajeren mutum da ƙyar ƙafarsa take taɓa ƙasa.

Amma da an sauka kan rairayi, labari ya canza. Cikin Ténéré ya ɗaga daga ƙasa milimita 240, na Transalp 210, shi ya sa Transalp take saurin bugun dutse. Ga ƙurar hunturu: matatar iskar Ténéré tana ƙarƙashin sirdi, cire ta ba wuya. Ta Transalp kuwa tana ƙarƙashin tankin mai.