Iyaye mata, a yi hattara da mai tallan tabarmar wasan yara

'Yan uwa, ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wata mai talla a Instagram da ke sayar da tabarmar soso ta yara, irin mai haruffa da lambobi da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa. Tana cewa kayan Turkiyya ne, an gwada su, ba sa wari. Sai ka biya take sa maka a mota.

Na saya wa autana mai rarrafe. Da na yage ledar, ƙamshin turaren fesawa ne ya fara tarbata, har na ce matar nan akwai tsafta. Ashe rufa-rufa ce. Washegari turaren ya gudu, ɗaki ya ɗauki wari kamar an buɗe gwangwanin sholisho, ni babba ma sai da kaina ya sara. Babu sunan kamfani a jikin ledar, tambarin CE kuwa, mai nuna kaya sun cika ƙa'idojin Tarayyar Turai, sitika ce, da farce na ɓare ta. Da na yi mata magana sai ta ce, "Hajiya, ki shanya a rana kwana biyu." Na ce kuɗina nake so, ta toshe ni. Yanzu ta sake suna, amma hotunan dai su ne.

Ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Irin wannan soso, da ake kira EVA, shi ne Beljiyam da Faransa suka dakatar da sayar da tabarminsa a Disambar 2010, saboda wani sinadari mai suna formamide da ke iya cutar da haihuwa da ɗan tayi. Daga baya Tarayyar Turai ta ƙayyade adadinsa a kayan wasan ƙananan yara. Kuma shi sinadarin ba shi da wani wari mai ƙarfi, don haka gushewar wari a rana ba shaidar lafiya ba ce. Yaro mai rarrafe hancinsa a kan tabarmar yake yini, in yana fitar da haƙora ma har gatsa yake yi.

Wadda ta riga ta saya ta fitar da ita daga ɗakin yara, kada kuma ta ƙona ta a tsakar gida. Ki adana shaidar tura kuɗi da hirarku, ki kai ƙorafi hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya a Najeriya. Ni dai na koma wa tabarmar kaba da bargo a kai.